Uwar Saiwar Kwantarai

Tun zamanin da aljanu ba su gama janye jiki daga mutane ba, akwai wani gari a gindin tsauni da ake kira Kwarin Ɗinya. Garin ba shi da wani abin alfahari, rijiyarsu ma zartsi gare ta, amma suna da tsiro guda ɗaya tak a bayan tsaunin wanda babu irinsa ko'ina. Sunansa kwantarai. Ganyensa bai kai na rama kyau ba, akuya ma shinshinawa take ta wuce. Amfaninsa yana ƙarƙashin ƙasa.

Idan damuwa ta kama mutum har zuciyarsa ta riƙa bugu kamar ana daka, wuyansa ya sage, tuwo ya fita ransa, ya riƙa yi wa iyalinsa tsawa kan abin da bai kai ya kawo ba, sai a ce masa ya je wurin Inna Yalwa. Ita ce mai tonon saiwar, ta gada daga uwarta, uwarta ta gada daga tata. Takan shanya saiwar a inuwa kwana bakwai, ta daka, ta ba mutum ɗan kaɗan ya riƙa damawa a kunu ko a nono safe da yamma. Saiwar ba ta bugarwa, ba ta kuma ɗauke wa kowa matsalarsa. Wanda fari suka cinye wa gona, gonarsa tana nan a cinye. Sai dai bayan 'yan kwanaki numfashinsa zai daidaita, cin abinci ya dawo, barci ya riƙa isarsa, ya iya zama ya yi tunanin abin yi cikin natsuwa. Mai ciki kuwa Inna Yalwa ba ta ba ta, ko za ta yi birgima a ƙasa.

Tonon yana da ƙa'ida. Daga gabas ake saka dagi, a ciro 'ya'yan saiwa kawai, siraran nan da ke fitowa a gefe. Sa'an nan mai damuwar ya durƙusa, ya kai bakinsa ramin, ya faɗi duk abin da ke cin ransa. A mayar da ƙasa, a zuba ruwa, a watsa tafin gero. Uwar saiwa, mai kaurin cinyar ƙato da ke can tsakiya, ita ke shanye abin da aka faɗa ta riƙe. Shi ya sa ba a taɓa ta. Inna Yalwa ta sha gaya wa 'yarta Tasalla cewa duk wanda ya sha uwar saiwa, damuwar duk mutanen da suka taɓa durƙusawa a wurin za ta taru a ƙirjinsa shi kaɗai.

Tasalla ta iya aikin sarai, sai dai tana da riƙo. Macen da ta taka mata ƙafa a bakin rijiya tun suna 'yan mata, har yau tana iya gaya maka ranar da kalar zanen da ta ɗaura.

Wata rana da tsakar rana wani baƙo ya zo, dogo, da rawani har ido, yana kyarma yana share gumi. Ya faɗi gaban Inna Yalwa ya ce damuwa za ta kashe shi. Tausayi ya kama ta, ta ɗauki dagi ta kai shi bayan tsauni, Tasalla na biye da ƙoƙon ruwa. Da ta tona ta ce ya durƙusa ya yi magana, sai baƙon ya miƙe, ya yi ta miƙewa har kansa ya wuce itacen kuka. Rawanin ya zame, idanu biyu jajaye suka bayyana. Ya ce, "Ya ke tsohuwa, ni Gurnanu ɗan Hargitsu, sarkin Birnin Babu-Zama, ba na durƙusa wa rami." Ya zura hannu har kafaɗa, ya tumɓuke tsiron da uwarsa da 'ya'yansa, ya yi wata dariya mai kama da ana jan ƙarfe a kan dutse, ya nutse cikin ramin da shi.

Daga ranar garin ya rikice. Wanda ya saba zuwa ya sauke abin da ke ransa ya rasa inda zai kai shi, sai ya kai shi kan maƙwabcinsa. Mutane kuwa ba su iya rashin mai laifi ba, nan da nan suka ce Inna Yalwa ce ta nuna wa baƙo wurin. Waɗanda ta yi shekara arba'in tana yi wa hidima suka daina amsa gaisuwarta. Ba ta taɓa mayar wa kowa magana ba. Ta dai daina ci, ta rame, wata safiya tana tankaɗe ta dafe ƙirji ta kife a kan rariya.

Ɗanta na fari, Nomau, shi ya ɗauke ta daga ƙasa, kuma tun ranar bai koma daidai ba. Manomi ne mai ƙarfi, amma ya zamana ko faɗuwar ludayi ya ji sai ya zabura. Hannunsa ya riƙa rawa har fartanya ta gagare shi.

Bayan sadakar arba'in Tasalla ta buɗe tukunyar uwarta, ta tarar da guntun busasshiyar saiwa guda, bai wuce ɗan yatsa ba. Ta karya shi biyu, ta daka rabi ta ba Nomau, ta ƙulle rabi a bakin zanenta. Ta ɗauki dagin.

Nomau ya ce, "Ina za ki, Tasalla?"

Ta ce, "Yaya, ɓarawon nan bai san ƙa'ida ba. Ya tona bai mayar da ƙasa ba. Ramin na nan a buɗe, hanyar gidansa ke nan."

Ya riƙe mata hannu. Ya ce, "In kin je, ki ɗauko ta ki dawo. Shi ki bar shi da Allah. Kin ji ni? Saiwar nake so, ba kansa ba."

Ta ce, "Na ji." Ta ji ɗin kuwa, amma ba ta ce ta yarda ba.

Ta shiga ramin da ƙafar dama. Ta yi ta gangarawa har ta faɗo wata ƙasa inda rana ke tsaye a tsakiyar sama ba ta motsi, babu inuwa ko ta tsinke. Ta ratsa wani daji da itatuwansa ke tafiya suna ture juna, kowace na neman wurin tsayawar da ya fi na 'yar'uwarta. Wata tsamiya ta kusa take ta, ta kai mata dagi a gindi, tsamiyar ta yi ƙara ta kauce. Ta ratsa wani fili da duwatsu ke gunaguni, kowanne yana cewa na kusa da shi ya matsa. Ta wuce abinta.

Sai ga wani kogi baƙi ƙirin, mai gudu ba sauti. A bakinsa wata tsohuwar aljana ce zaune cikin kwalekwale, gashinta ya sauka cikin ruwa, da shi take tuƙi.

Tasalla ta rusuna ta ce, "Sannu da aiki, Kaka. Ƙetarewa nake so."

Aljanar ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ya ke 'yar Adam, jirgina mutum ɗaya yake ɗauka, ku kuwa ku biyu ne."

Tasalla ta waiga, ba ta ga kowa ba. Ta ce, "Ni kaɗai ce."

"Ke da fushinki. Ya fi ki nauyi ma. Ki sauke shi a ruwan nan, in kai ki."

Tasalla ta ce, "Shi ya kawo ni, ba na rabuwa da shi a hanya. In akwai wani abin da za ki karɓa a madadinsa, ki faɗa."

Aljanar ta ƙura wa ƙirjin Tasalla ido kamar mai duba cikin rumbu. Can ta ce, "Abu ɗaya ne a cikinki da ya kai shi nauyi. Muryar mahaifiyarki. Yadda take kiran sunanki, yadda take waƙa a bakin turmi, yadda take yi miki faɗa. In kin ba kogi, za ki tuna fuskarta da maganganunta, amma sautin ba zai ƙara dawo miki ba. Ki yi tunani, yarinya. Kogin nan ba ya mayar da ajiya."

Ni da nake ba ku labarin nan, da ina wurin da na ja ta baya da ƙarfi. Amma ba na wurin. Tasalla ta sunkuya, ta buɗe baki a kan ruwan, wani abu mai ɗumi ya fita daga kunnuwanta ya bi kogi. Ta shiga jirgi da fushinta cif, bai ragu da ƙwayar gero ba.

A ɗaya gaɓar ta hango Birnin Babu-Zama. Ganuwarsa ta ƙarfe ce, kuma a duk faɗin birnin babu kujera, babu tabarma, babu dakali. Aljanu na ta kai da kawo, masu ci suna ci a guje, masu ciniki suna yi suna tsalle, kowa yana waiwaye. A bakin ƙofa wani ƙaton dogari ne tsaye mai idanu arba'in kewaye da kansa, dukansu sun yi ja, hawaye na zuba.

Ya daka mata tsawa. "Tsaya nan, ya ke bil'adama! Wa ya aiko ki? 'Yan'uwan sarki ne? Nawa ne a bayanki? Me kika ɓoye?"

Ta dube shi irin duban da uwarta ke yi wa marasa lafiya. Ta ce, "Yaushe rabonka da ka rufe ido?"

Dogarin ya yi turus, don tun da aka halicce shi ba wanda ya taɓa tambayarsa lafiyarsa. Ya ce, "Shekara ɗari uku. Sarki yana da ƙanne saba'in, kowanne yana son gadonsa. In na rufe ido ɗaya aka shigo ta nan, kaina ne zai biya."

Ta kwance bakin zanenta, ta niƙa rabin saiwar a kan dutse da gindin dagi, ta dama a ruwan gorarta. Ta tona ɗan rami ta ce, "Sha. Sa'an nan ka durƙusa ka gaya wa ramin nan abin da ke damunka."

Ya yi jinkiri, ya sha, ya durƙusa. Ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa. Abin da kan ɗauki ɗan Adam kwanaki, jikin aljani nan take ya karɓa. Kafaɗunsa suka sauka, idanun suka fara lumshewa ɗaya bayan ɗaya, ya ja wani dogon numfashi, ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce, "Ashe haka zama yake."

Da hankalinsa ya kwanta sai bakinsa ya buɗe. Ya gaya mata sarki ya dasa tsiron a wata tukunyar zinariya a lambun da ke bayan ƙofar nan, ya yi ta tsinkar 'ya'yan saiwar yana tauna su ɗanye, shi kaɗai, bai ɗanɗana wa kowa ba. Bai san shanya ba, bai san mayar da ƙasa ba. Kwana uku ke nan da suka ƙare, saura uwar, kuma wuƙaƙen aljanu duk sun kasa yanka ta. Ya ce, "Kin yi mini abin da ba a taɓa yi mini ba. Shiga ki ɗauki kayanki ki tafi. Idanuna arba'in duk a rufe suke, ban ga kowa ba."

Ta shiga lambun. Ga tsiron nan ya yi yaushi, ganyensa ya rataya, amma da rai. Ta tono shi a hankali, ta rungume uwar saiwar a ƙirji, ta ji nauyinta da ɗuminta. In ta mayar da ita ƙasarta, damina ɗaya za ta fitar da sababbin 'ya'ya. Nomau zai koma gona. Ƙofa a buɗe take, taku goma ne tsakaninsu.

Ta yi taku bakwai. Sai ta ji dariya daga cikin fada, ta ƙarfe a kan dutse, irin wadda ta ji ranar nan a bayan tsauni. Wani bafade ne ya faɗi yana gudu, shi sarki yake yi wa dariya. Tasalla ta tsaya cak. Muryar uwarta ta tafi, amma wannan dariyar tana nan a kunnenta ba abin da ya taɓa ta. Ta tuna rariyar da ta kife, da garin tuwon da ya watse a ƙasa. Ta juya ta nufi fada.

Gurnanu ɗan Hargitsu yana zagaya gadon sarautarsa, don shi ma tun da saiwar ta ƙare zama ya gagare shi. Da ya ga mace da dagi da tsiron a hannu, ya tsaya. Ya ce, "Na san wannan ƙarfen. Ya ke 'yar tsohuwa, sata kika zo yi a gidan sarki?"

Ta faɗi ta yi gaisuwa har goshinta ya taɓa ƙasa, ta ce, "Ranka ya daɗe, ɓarawo ƙofa yake nufa, ni kuwa gabanka na zo. Tsohuwar ta rasu, garinmu ya juya mini baya. Na ji wuƙaƙenku sun kasa. Dagin gidanmu ne kaɗai ke cin uwar saiwa. Na zo in yi maka aiki, ka ba ni wurin zama."

Ya ce, "In haka ne, me ya hana ku yanka ta tun kaka da kakanni?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ta fi ƙarfin talaka. Ajiye ta aka yi don sarakuna, mu kuwa sarki bai taɓa zuwa garinmu ba sai kai. Wanda ya sha ta sau ɗaya, ya gama da damuwa har abada." Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ta faɗe ta ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Kwaɗayi ya rufe masa ido. Ya sa aka kawo tukunya da wuta. Tasalla ta kwantar da uwar saiwar a kan dutse, ta ɗaga dagin. Fuskar Nomau ta gifta mata, da hannunsa mai rawa riƙe da nata. Ta cije leɓe ta sauke ƙarfen. Saiwar ta tsage da wani sauti kamar nishin tsohuwa, ganyen ya bushe nan take ya zube. Ta sassara ta, ta zuba a tukunya, ta tsaya a kanta har ruwan ya yi baƙi ya yi kauri. Ta juye a babbar ƙwarya ta miƙa.

Gurnanu bai kai shekara dubu a kan gado da wauta ba. Ya ce, "Mai dafawa ita ke fara sha. Ludayi guda, a gabana."

Ta san abin da ke ciki. Ta kuma san in fuskarta ta motsa, komai ya lalace. Ta ɗebi ludayi guda ta shanye.

A cikin dubban damuwar da ke ƙwaryar, guda ɗaya ce ta faɗo a ludayinta. Ta ji wata mace tana magana a cikin ƙirjinta, a hankali, irin maganar mai durƙuso a bakin rami. Muryar baƙuwa ce, ba ta taɓa jin ta ba. Macen tana cewa, "Ni damuwata Tasalla ce. Yarinyar nan ba ta mantuwa. Ina tsoron ranar da za a ɓata mata babu ni, ta ƙona rumbu don ta kashe ɓera. Ya Allah, ka sa ta fi son ɗan'uwanta a kan fushinta."

Ashe Inna Yalwa ma tana durƙusawa, bayan kowa ya tafi.

Tasalla ta gane mai maganar daga kalmomin, ba daga sautin ba, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo. Kafin ta riƙe muryar ta shuɗe. Ta dubi ƙwaryar. Shekara arba'in na maganar uwarta suna ciki, gauraye da na sauran mutane. Ba abin da take so a lokacin irin ta kafa kai ta shanye, ko da zai kashe ta. Amma saiwar ta riga ta tsage, ba ta ɗinkuwa. Ta haɗiye kukan, ta ɗago fuska a sake, ta yi murmushi ta ce, "Ranka ya daɗe, sanyi har ƙafa."

Ya fizge ƙwaryar ya shanye tas, ya lashe baki.

Da farko shiru. Sai ya dafe ƙirji ya ce, "Gonata! Fari sun sauka a gonata!" alhali bai taɓa riƙe fartanya ba. Ya juya ya ce, "Ɗana yana zazzaɓi, ba ya shan nono!" da muryar wata mace da ta mutu shekara ɗari biyu da suka wuce. Tsoron mai naƙuda ya shige shi, da na tsohon da idonsa ke mutuwa, da na matar da mijinta ya tafi fatauci damina uku babu labari, da na maharbin da kibiyarsa ta sami mutum. Duk suka taso masa lokaci guda, kowa da muryarsa. Aljanin da bai taɓa sanin yunwa ko binne ɗa ba ya ji su duka a ƙirji ɗaya.

Ya faɗi a kan gwiwoyinsa ya ce, "Ya ke 'yar Adam, me kika ba ni? Ki cire! Zan ba ki birnin nan da abin da ke cikinsa!"

Tasalla ta tsaya a kansa. Ta ce, "Ga shi ka durƙusa, Gurnanu. Ka ce ba ka durƙusa wa rami, to, yanzu nemi ramin. Inna ta ɗauke ka mara lafiya, ta bar tankaɗenta ta kai ka da ƙafarta. Da ka roƙa, da ta ba ka har ka gaji, ba ta taɓa hana kowa ba. Ta mutu mutanen da ta warkar ba sa amsa gaisuwarta. Abin da ta ji kwana sittin, kai za ka ji shi har a tashi duniya. Maganinsa guda ne, kuma kai ka shanye shi."

Ya zabura ya ruga, ya rasa inda zai nufa, ya juyo, ya sake juyawa. Ya yi ta juyi yana kururuwa da muryoyi dubu har jikinsa ya narke ya zama iska, ya tsaga rufin fadar ya fita yana tattara ƙasa da ganye. Fadawa suka watse. Ba zan ɓoye muku ba, Tasalla ta ji daɗi, daɗi mai yawa, har ta yi dariya hawaye na zuba. Daɗin ya raka ta har bakin kogi.

Tsohuwar aljana ta dube ta ta ce, "Shigo. Yau ba ki da nauyi ko kaɗan."

Tasalla ta ce, "Kaka, fushin ya gama aikinsa. Karɓe shi, ki mayar mini da abin da na ba ki."

Aljanar ta ce, "Na gaya miki tun farko. Abin da ya shiga ruwan nan ya tafi. Fushin ma da kike tayi, toka ce ta rage, ba mai saye."

Ta fito ta ramin da hantsi, ta tarar kwana tara ke nan da tafiyarta. Nomau yana zaune a ƙofar gida, garin saiwarsa ya ƙare shekaranjiya. Ya hango ta da dagi a kafaɗa, ya miƙe yana duban hannuwanta.

Ta ce, "Yaya, na rama. Na rama wa Inna. Ya durƙusa a gabana yana roƙo."

Ya ce, "To. Kin kawo?"

Ta ce, "Ba zai ƙara zama ba har abada."

Ya ce, "Na ji, Tasalla. Kin kawo?"

Ta sauke dagin, ta nuna masa hannuwanta wayam. Ya daɗe yana kallonta, sa'an nan ya koma ya zauna, ya cusa hannuwansa tsakanin gwiwoyi don kada ta ga rawar da suke yi. Bai zage ta ba, bai ɗaga murya ba, ita kuwa da ya mare ta da ya fi mata sauƙi.

Ta zauna kusa da shi. Can ta ce, "Yaya, yaya muryar Inna take?"

Ya dube ta da mamaki. Ya gwada kwaikwayon yadda take kiran kaji, muryarsa ta maza ta karye, ya ce, "Ba haka ba ne. Ban iya ba."

Kashegari ta je ta mayar da ƙasa a ramin, ta zuba ruwa, ta watsa gero, ko da yake babu kowa a ƙasan da zai karɓa. Da ta dawo ta ce wa Nomau ya faɗa mata abin da ke cin ransa, duka, kada ya rage. Ya faɗa, ya ɗan sami sauƙi, ya ci rabin tuwo. Gona dai bai koma ba, amma ya rayu. Labari ya bazu, mutane suka fara zuwa ɗaya ɗaya, har da waɗanda suka ƙi amsa gaisuwar uwarta. Takan shimfiɗa musu tabarma ta saurara, su tashi da sauƙi, ita ta kwana da abin. Aikin uwar saiwa ya dawo kanta, kuma ba ta da inda za ta juye. Kafin ta cika arba'in kanta ya yi fari fat.

Gurnanu kuwa yana nan. Shi ne guguwar nan da kan taso da rana tsaka ba gaira ba dalili, ta yi ta juyi a fili tana kuka, ta rasa inda za ta tsaya. In ta ratso Kwarin Ɗinya kowa kan shige ɗaki ya ja ƙofa yana neman tsari. Tasalla kaɗai ke ajiye abin da ke hannunta ta fita da gudu, ba mayafi, ba takalmi. Baƙi kan ɗauka murnar ganin wahalar maƙiyinta take yi. Mutanen gari sun san ba haka ba ne. Bin ta take yi har bakin daji, ta karkata kunne, tana tace muryoyin nan dubu ko za ta ji wata mace ta ambaci Tasalla.

Nan na sauke labarin, na mayar da ƙasa, na watsa gero.